Turanci A Bakin Iyaka: Ga Ƙoshi Ga Kwanan Yunwa A Gidan Katta

Duk shekara idan sakamakon jarrabawar kammala sakandare ya fito, magana ɗaya ce ke zagaya zauruka da majalisu tun daga Gwadabawa har zuwa Illela, wato "yaron ya ci komai, Turanci ne ya kayar da shi." Uba ya sayar da albasa ko ɗan rago ya biya kuɗin jarrabawa, yaro ya samu lissafi da kimiyya, amma saboda rashin kiredit a darasi ɗaya tak sai ya koma gida ya zauna, domin babu jami'ar da za ta buɗe masa ƙofa a Nijeriya ba tare da shi ba. A shekarar 2025 hukumar WAEC ta fara sanar da cewa kashi 38.32 cikin ɗari ne kawai na ɗaliban ƙasar nan suka samu kiredit biyar haɗe da Turanci da Lissafi, daga baya ta gano kuskure wajen duba takardar Turanci ta gyara adadin zuwa kashi 62.96. Ko da wannan gyara, sama da kashi ɗaya cikin uku na yaran sun kwana a waje. A watan Nuwamban shekarar kuma Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar soke manufar 2022 ta koyar da yaran firamare da harshen uwa, aka mayar da Turanci harshen koyarwa tun daga tushe. Muna so ko ba mu so, a wannan ƙofa za a ci gaba da tantance 'ya'yanmu.

Na zaɓi in kafa misali da Gidan Katta, ɗaya daga cikin gundumomin Ƙaramar Hukumar Illela a Jihar Sakkwato, saboda a nawa ganin babu yaron da Allah Ya ajiye wa kayan aikin koyon babban Turanci kusa da hannunsa kamar yaron bakin iyaka, kuma babu wanda aka fi hana wa sanin cewa yana da su. Abin da Hausawa ke kira ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan.

Yadda ake haddar kalmomi a mance

Wanda duk ya leƙa ajin ƙarshe na sakandare a ƙauyukanmu ya san yadda ake shirin jarrabawar Turanci. Malam zai cika allo da manyan kalmomi, kowace da ma'anarta a gefe, yara su kwafa su haddace kamar karatun aku. Wasu su sayi ƙananan littattafan tsofaffin tambayoyi ana saura wata biyu a shiga jarrabawa, alhali kuwa ba a fafe gora ranar tafiya. Kalmar da aka haddace ita kaɗai, ba dangi ba maƙwabta, kwana kaɗan take yi a ka ta fice. Idan kuma mai tambaya ya kawo wata da ba ta cikin jerin, sai yaro ya rufe ido ya yi canki-canka.

Matsalar ita ce kalmomin Turanci sun fi ƙarfin hadda ɗaya bayan ɗaya. Amma akasarin manyan kalmomin da ke firgita ɗalibi haɗe-haɗe ne, an gina su ne daga 'yan saiwoyi da ɗafe-ɗafe masu maimaituwa, kamar yadda magini ke tayar da gidaje iri-iri da tubali iri ɗaya. A shekarar 2000 wata malama a Jami'ar Victoria da ke Wellington a ƙasar New Zealand, Averil Coxhead, ta tace littattafan jami'a ta fitar da dangin kalmomi 570 waɗanda suka fi yawo a rubutun ilimi, ta kuma nuna cewa sama da kashi 82 cikin ɗari nasu daga Latin da Girkanci suka fito. Tun a 1989 wasu masana uku a Amurka, White da Sowell da Yanagihara, sun ƙididdige cewa ɗafa-goshi huɗu kacal, wato "un-" da "re-" da "in-" da "dis-", su ne ke gaban kashi 58 cikin ɗari na kalmomi masu ɗafa-goshi a littattafan makaranta. Wanda ya riƙe waɗannan huɗu ya riƙe fiye da rabin wannan fage.

Dalilin da ya sa Turanci ke da hawa biyu

Domin mai karatu ya fahimci inda aka samo wannan, sai mun ɗan waiwayi tarihi. A shekarar 1066 Wiliyam, sarkin yaƙin Normandi da ke arewacin Faransa, ya ƙetare teku ya ci Ingila da yaƙi. Daga nan har kusan shekara 300 Faransanci ne harshen fada da kotu da masu mulki, Latin na coci da malamai, Turanci kuwa aka bar wa talakawa. Sai a 1362 aka yi dokar da ta yarda a yi shari'a da Turanci a kotunan Ingila. Kafin a kai nan harshen ya riga ya haɗiye dubban kalmomin Faransanci, daga baya kuma masana kimiyya da likitanci suka ƙara ɗebo wasu kai-tsaye daga Latin da Girkanci.

Shi ya sa har gobe Turanci ke da hawa biyu. Talakan da ke kiwon saniya yana ce mata "cow", amma idan naman ya isa teburin mai mulki sai ya koma "beef", daga kalmar Faransanci. Tunkiya "sheep" ce a garke, "mutton" a akushi. Yaro a gida zai ce "begin", takardar gwamnati ta ce "commence". Mai ciniki zai ce "buy", lauya ya ce "purchase". Wani bincike da Finkenstaedt da Wolff suka wallafa a 1973 kan kalmomi kimanin 80,000 na wani ƙamus na Oxford ya nuna cewa wajen kashi 28 daga Faransanci suke, wasu 28 daga Latin, kashi 5 daga Girkanci, asalin Turancin gado da danginsa kuwa kashi 25 ne kawai. Jarrabawar WAEC da NECO da JAMB a hawa na sama suke zaune, can ne kuma yaranmu ke faɗowa.

Gadon zauren malam

To, mene ne haɗin wannan da Gidan Katta? Abu na farko shi ne harshen da yaron ya sha a nono. Bahaushe ya san cewa daga noma ake samun manomi, daga ɗinki maɗinki, daga karatu makaranta, daga buɗewa mabuɗi, daga salla masallaci. Wannan "ma-" ɗafa-goshi ne mai nuna mai aiki ko wurin aiki ko abin aiki. Ya san cewa "ba-" ke ba shi Bahaushe da Basakkwace, kuma ɗafa-ƙeyar "-anci" ke ba shi Turanci da Faransanci. Yana yin wannan aiki kullum ba tare da an taɓa gaya masa sunansa ba.

Abu na biyu ya fi wannan girma. Ilimin gano kalma ta hanyar saiwarta tsohon gado ne a ƙasar Sakkwato. Larabawa sun gina nazarin harshensu kacokan a kan saiwa mai baƙi uku, tun daga ƙamus ɗin Kitabul Aini na Khalil bin Ahmad, malamin Basra na ƙarni na 8. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, wanda ya rasu a 1829, ya wallafa Hisnur Rasin a kan tasrifi, ya kuma wallafa Bahrul Muhiɗ a kan nahawu. Har yau a zaurukan ilimi ana karanta Lamiyyatul Af'al ta Ibnu Malik, wadda aikinta ke nan, koyar da yadda ake juya saiwa ɗaya ta haifi kalmomi da yawa.

Wannan ilimi ya zubo cikin Hausar da muke yi kullum. Hukunci da hukuma da hakimi da hikima da mahukunta duk 'ya'yan saiwa ɗaya ce ta Larabci mai baƙaƙen h, k, m. Ilimi da malami da alama ɗaki ɗaya suka fito. Sallama da salama da Musulmi haka nan. Almajiri da hijira 'yan uwa ne, domin almajiri shi ne wanda ya yi ƙaura don neman sani. Lissafi da hisabi ma kalma ɗaya ce ta shigo mana ta ƙofa biyu. Ɗalibin da aka nuna wa wannan sau ɗaya, ba zai sha wahalar gane cewa "inspect" da "suspect" da "respect" da "prospect" da "spectator" su ma 'ya'yan saiwa ɗaya ce ta Latin mai ma'anar dubawa ba. Wani abin takaici shi ne yaro ɗaya ne ke zama gaban alaramma da asuba, ya zauna gaban malamin Turanci da hantsi, amma babu mai gaya masa cewa darasin biyu dangin juna ne.

Abin da ke ƙetaren iyaka

Abu na uku shi ne Faransanci. Yarjejeniyoyin da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898 da 1904 da 1906 su suka ja layin da ya bar Illela a hannun Ingilishi, Birnin Ƙonni a hannun Faransawa, alhali mutanen jini ɗaya ne, aure da kasuwa da makoki duk tare. Saboda haka kunnen ɗan wannan yanki ya saba da kalmomin da ɗan Kano ko Zariya bai cika ji ba: lakwal a maimakon makarantar boko, mushe a maimakon malamin makaranta, lokotoro a maimakon likita, duwan a maimakon kwastan, kamyo a maimakon babbar mota, mangaza a maimakon sito. Ba kowane yaro ne ke jin Faransanci ba, amma da wuya a rasa ɗan uwa ko abokin ciniki mai jin sa.

Ga inda ribar take. Kalmar da ɗan aji uku a lakwal ɗin Ƙonni ke faɗa yana wasa, ita ce saiwar kalmar da ke kayar da ɗan ajin ƙarshe a sakandaren Nijeriya. A Faransanci wata "lune" ne, rana "soleil", haƙori "dent", hannu "main", ƙasa "terre", shekara "an", mutuwa "mort", barci kuwa "dormir". Yanzu sai mai karatu ya dubi manyan kalmomin Turanci: "lunar" abin da ya shafi wata, "solar" na rana, "dental" na haƙori, "manual" aikin hannu, "manuscript" rubutun hannu, "territory" yankin ƙasa, "annual" na shekara-shekara, "mortuary" ɗakin ajiye gawa, "dormitory" ɗakin kwanan ɗalibai. Faransanci ɗan Latin ne, don haka abin da yake babbar riga a Turanci, a can rigar zaman gida ce.

Kada a ce ai Nijar ta juya wa Faransanci baya. Gaskiya ne cewa a watan Maris na 2025 mahukuntan ƙasar sun fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, kuma sabon kundin da suka fitar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Amma kundin nan ya sanya Turanci da Faransanci su biyu a matsayin harsunan aiki. Ma'ana ɗan Ƙonni zai buƙaci Turancin ɗan Illela kamar yadda ɗan Illela zai amfana da Faransancin ɗan Ƙonni. Cuɗe ni in cuɗe ka ke nan.

Kasuwa da shingen kwastan ma aji ne

Malamin da ke son gwada wannan hanya ba ya buƙatar kwamfuta ko tallafin wata ƙungiya daga waje, domin darasin yana rubuce a allunan bakin iyaka. A ɗauki saiwar "port", daga Latin, mai ma'anar ɗauka ko dako. A sa mata "im-" ta zama "import", shigo da kaya. A sa "ex-" ta zama "export", fitar da kaya. A sa "trans-" ta zama "transport", ƙetarar da kaya daga wuri zuwa wuri. Da "de-" ta zama "deport", tasa ƙeyar mutum zuwa ƙasarsa. Da "re-" ta zama "report", ɗauko labari a dawo da shi. A ƙeya kuma "porter" ɗan dako ne, "portable" abin da ke ɗaukuwa. Kalmomi bakwai ke nan daga saiwa ɗaya, kuma kowane ɗafi da yaro ya koya a nan zai sake cin karo da shi a wasu ɗaruruwan kalmomi.

Haka "visa" da ake bugawa a fasfo, asalinta abin da aka gani ne, danginta su ne "vision" da "visible" da "supervise" da "television", wadda ta haɗa "tele" na Girkanci, wato nesa, da gani na Latin. "Immigration" da "emigration" saiwarsu ɗaya mai nufin ƙaura, ɗaya shigowa ɗaya fita. "Quarantine" da ake yi wa dabbobi da mutane daga kalmar arba'in ta Italiyanci ta fito, saboda kwana 40 da ake tsare jiragen ruwa a Banis lokacin annoba.

Ranar Lahadi kasuwar Illela ke ci, kuma karar shanunta sananniya ce a Afirka ta Yamma. Ko Bafulatanin da ke kora shanu can ya san cewa a harshensa "jawdi" tana nufin dabbobi, tana kuma nufin dukiya. Turawa ma haka suka faro. "Cattle", wato shanu, da "capital", wato jari, asalinsu ɗaya, kuma dukkansu sun koma ga kalmar Latin mai nufin kai, wadda ta haifi "captain" da "decapitate". Ita ma "pecuniary", babbar kalmar da lauyoyi ke nufin abin da ya shafi kuɗi da ita, daga kalmar Latin ta dabbobin kiwo ta fito. Yaron da aka ba wa wannan labari a gefen kara, da wuya ya manta da shi a ɗakin jarrabawa.

Akwai kuma kalmomin da Turanci ya aro daga Larabci, waɗanda ke cire wa ɗalibi jin cewa harshen wani dodo ne. "Tariff" da jami'in kwastan ke ambata daga ta'arif take. "Sugar" ita ce sukarinmu, "cipher" da "zero" su ne sifirinmu. "Algebra" daga sunan littafin Khawarizmi, masanin Bagadaza na ƙarni na 9, aka ciro ta, "algorithm" kuwa sunansa ne shi kansa aka lanƙwasa. "Magazine" daga makhazin take, wato rumbuna, kuma ita ce dai ta bi ta Faransanci ta dawo mana a matsayin mangaza.

Amfanin bai tsaya ga jarrabawa ba. Ɗalibin da ya samu shiga Kwalejin Fasahar Kiwon Lafiya ta Sarkin Musulmi Abdurrahman da ke Gwadabawa zai tarar da Girkanci ne ke jiran sa. Idan ya san cewa "-itis" kumburi ne, "hepat" hanta, "derm" fata, "gastr" tumbi, "cardi" zuciya, "haem" jini, to "hepatitis" da "dermatitis" da "gastritis" sun zama karatun sha yanzu, ya kuma gane cewa "meningitis", wato sanƙarau da ke addabar yankinmu da bazara, kumburin lulluɓin ƙwaƙwalwa ne.

Inda hanyar ke da santsi

Adalci ne a faɗi cewa saiwa jagora ce, kuma jagora kan yi ɓatan kai. Ma'anar kalma tana tafiya da zamani: "nice" da yau ke nufin mai kyau, asalinta a Latin jahili ne. Ɗafin "in-" yana kore ma'ana a "invisible", amma "inflammable" abin da ke saurin kama wuta ne, kuma direban tankar mai da ya fahimce ta a juye ya shiga uku. Faransanci ma yana da tarkonsa, domin "librairie" kantin sayar da littattafai ne, "library" kuwa ɗakin karatu. Ko "alkali" da ke littafin kimiyya ba shi da haɗi da alƙalin kotu, daga kalmar Larabci ta toka ya fito, danginsa su ne kanwa da ruwan toka. Sannan akwai ƙananan kalmomin asalin Turanci irin su "put up with" da "give in", waɗanda babu saiwar da za ta warware su sai yawan ji da karatu.

Saboda haka ƙa'idar ita ce yaro ya fasa kalma, ya yi hasashen ma'ana, ya gwada ta da jimlar da ta zo ciki, sannan ya tabbatar a ƙamus. Kuma duk wannan ba zai yi wa yaron da bai iya haɗa baƙi ba amfani, ko makarantar da malamin Turanci ɗaya ke yawo tsakanin azuzuwa shida. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, aikin firamare yana nan a matsayinsa.

Kira ga masu ruwa da tsaki

Kirana na farko ga malaman Turanci ne na Gidan Katta da Araba da Kalmalo da Damba da sauran gundumomin Illela. A ware minti goma a farkon darasi, saiwa biyu a mako, a fara da misalin Hausa ko Larabci kafin a shiga na Turanci. A zangon karatu uku na shekara yaro zai tara saiwoyi sama da 60, cikin shekara uku na babbar sakandare kuwa kusan 200. Kowane ɗalibi ya keɓe littafi guda, shafi ɗaya saiwa ɗaya, duk inda ya tsinci 'yarta, a jarida ko a jikin buhun taki ko a kwalin magani, ya kawo ta gida.

Na biyu ga shugabannin makarantu. A daina raba malamin Larabci da na Hausa da na Turanci kamar waɗanda ba su ga-maciji. Su zauna ko sau ɗaya a zango su daidaita darussansu, inda kuma aka yi dace da mai jin Faransanci a gari, a gayyato shi.

Na uku ga Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Sakkwato da Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Gidan Madi. Muna da masana Hausa da Larabci da Turanci da Faransanci a ƙarƙashin rufi ɗaya. Me zai hana su haɗu su fitar da ɗan ƙaramin littafi mai rahusa, wanda ya jera saiwoyin Latin da Girkanci da bayaninsu cikin Hausa, a raba wa makarantun karkara? Masu hannu da shuni na Illela, waɗanda Allah Ya buɗa wa ta hanyar wannan iyaka, su ma ga sadaka mai gudana: ƙamus goma a kowace makaranta bai kai kuɗin sa guda ba.

Iyaye kuma su sani cewa zuwan yaro makarantar allo da zaman da yake yi da 'yan uwansa na ƙetare jari ne a karatunsa na boko, matuƙar an samu mai nuna masa mahaɗin. Magabatanmu sun ƙware a harshen da ba nasu ba har suka yi wallafa a cikinsa wadda ake karantawa bayan shekara 200, kuma ta hanyar saiwa suka bi. Da tsohuwar zuma ake magani. Allah Ya buɗa wa 'ya'yanmu basira, Ya ba malamansu haƙuri da ladan aikinsu, amin.